Filin Mata: Ambaliya Daga Tudu Ta Ke Farawa

Makon jiya na yi muku alkawari yau za mu ƙarasa maganar ɗinkin rigar jariri. To, ku gafarce ni, wani abu ya faru da ya sa na soke allurata a jikin ƙyalle na ajiye. In Allah ya kai mu mako mai zuwa ma koma kanta.

Ran Talata da safe na shiga aji na kira suna, sai na ji yara 7 ba su amsa ba, dukansu kuwa 'yan ƙauye ɗaya ne da ke hayin ƙorama. Ga shi muna shirin jarrabawa. Can da hantsi sai ga wani dattijo riƙe da hannun ɗaya daga cikinsu, yarinya 'yar shekara 11. Ta jiƙe sharkaf, ba takalmi, ba jakar littattafai, sai rawar ɗari ta ke yi. Da muka ba ta zane ta ɗaura, ta kurɓi ruwan zafi, hankalinta ya komo, sai ta ce mini, "Malama, ko yayyafi ba a yi a garinmu ba. Da muka iso ƙoramar ruwan bai rufe idon sawu ba. Ni ce a gaba. Ina tsakiya sai na ji ƙugi kamar babbar mota na tahowa, kafin in waiga ruwa ya share ƙafafuna." Dattijon nan da ke kora jakinsa a gaɓa shi ya cafko ta. Sauran yaran suka juya gida da gudu.

Na tabbata da wuya a sami mai karanta wannan fili, daga Ikara zuwa Paki da Saulawa, daga Maƙarfi zuwa Gimi da Gazara, daga Hunƙuyi zuwa Kudan da Likoro, wadda ba ta san irin wannan ƙorama ba. Da rani busasshen yashi ce, yara na wasa a ciki. Da damina kuwa cikin rabin sa'a ta cika ta batse, kafin la'asar ta janye kamar ba ita ba. Ga marka tana tafe, shi ya sa na ga bai kamata in jinkirta wannan magana ba.

Ni ma a ƙauyenmu na ƙasar Maƙarfi akwai irinta. Ina ƙarama da tsalle ɗaya mu ke ƙetare ta. A gefenta kakata ke da gayauna, inda ta ke shuka kuɓewa da yakuwa da 'yar gyaɗa, da kuɗinsu ta saya mini allo da takalmin makaranta na fari. Bara da na je hutu na tarar wurin ya zama kwazazzabo, raƙumi zai shige ba a hangi tozonsa ba, rabin gayaunar kuwa ya rufta ciki. Na tambaye ta yaushe haka ta faru, ta ce, "Jikalle, ba rana ɗaya ba ce. Kowace damina ta kan gutsuri loma guda, mu kuwa muna kallo."

Daga ina ruwan ya fito?

Mu kan ɗora laifi a kan ƙorama, alhali ita hanya ce kawai. Ruwan da ya kusa tafiya da ɗalibata ba a ƙoramar aka yi shi ba, a gonaki da gidajen da ke can tudu ya sauka da asuba, ya taru ya gangaro. Bari in yi muku lissafi kaɗan irin na aji.

Masu auna ruwan sama da milimita su ke aunawa. In an ce an yi milimita 1, watau kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. A ƙasar Zazzau ta arewa mu kan sami wajen milimita 1,000 a shekara, ko fiye da haka kaɗan, amma cikin wata biyar ne kawai, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Hadari ɗaya mai ƙarfi ya kan zubar da milimita 50. To, rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10, a irin wannan hadari zai tara lita 5,000, watau duro 25 na lita 200. Gona mai hekta 1 kuwa, wajen eka biyu da rabi ke nan, za ta karɓi duro 2,500. Yanzu ki ƙidaya gonakin da ke tsakanin garinku da bakin ƙorama. In ƙasa ta shanye wannan ruwa, arziki ne. In ta ƙi sha, duk a kwari ɗaya zai haɗu cikin sa'a guda.

Me ke sa ƙasa ta sha ko ta ƙi? Ran Laraba na kai 'yan ajina bayan makaranta muka gwada, ke ma ki gwada a tsakar gida. Muka sami faranti biyu. Ɗaya muka cika shi da ƙasa tsirara, ɗayan muka yanko ƙasa haɗe da ciyawarta da saiwarta muka dasa a ciki. Muka jingina su da dutse suka ɗan karkata, muka sa kwano a ƙarƙashin kowanne. Sa'an nan muka huhhuda gindin gwangwanin madara da ƙusa, muka zuba wa kowanne ruwa gwangwani guda daga sama. Na tsiraran nan take ruwa ya kwaranyo, ja wur kamar kunun kanwa, ya kusa cika kwano. Na ciyawa kuwa sai da muka jira, kana ya ɗiɗɗigo kaɗan, kusan garau. Yarinyar nan da ta tsira ta daɗe tana duban kwanonin, ta ce, "Ashe jan ruwan nan gonar mutane ce ke tafiya." Ban ƙara mata kome ba, ta gama darasin.

Ƙasarmu ta nan mai laushi ce. In ɗigon ruwa ya dake ta ba ganye ba ciyawa, sai ta farfashe, ƙurar ta toshe 'yan ƙofofin da ruwa ke shiga, ta yi ɓawo kamar daɓe. Ciyawa da kara da ganye su ke tare dukan ɗigon, saiwa kuma ta buɗe wa ruwa hanya.

Hasara uku

Ruwan da ya tafi a guje hasara uku ya ke ja mana. Ta fari, ya kan kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai maiƙo, har da takin da maigida ya saya da tsada. Ƙasa mai kaurin yatsa guda kuwa sai ta yi ɗaruruwan shekaru kafin ta samu. Ta biyu, lakar ta kan wuce can nesa, gama da yawa daga ƙoramunmu Galma su ke faɗawa, Galma ta kai Kogin Kaduna, amma yashin mai nauyi a fadama ya ke zama. Fadamar nan ita ce ke ba Maƙarfi da Kudan rake da mazarƙwaila, ita ke ba Ikara tumatir da tattasai. In yashi ya binne ta, me za a kai kasuwa? Ta uku ita ta fi shafarmu mu mata. Ruwan da ya kamata ya nutse ya cika rijiya shi ne ya gudu. Saboda haka ruwan da ya rushe katanga a Agusta shi ne wanda ki ke nema da guga a Maris ba ki samu ba.

Kada kuma mu ɗauka abin ƙarami ne. Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta 2022 ta kashe fiye da 600. A garin Mokwa na Jihar Neja, ran 29 ga Mayu 2025, ruwa ya afka wa unguwanni kafin gari ya waye, mutum fiye da 150 suka rasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wata za ta ce, "Malama, ai ruwa na Allah ne." Gaskiya ne, ba mai iko da hadari. Amma sare itace, da ƙone daji don neman gafiya, da kwashe kara kaf daga gona, da yin huɗa daga tudu zuwa gangare, da cike kududdufi a yi gini, da ɗiban yashi a gindin gaɓa, da zuba shara a magudana, duk aikin hannunmu ne. Abin da hannu ya ɓata kuwa hannu na iya gyarawa.

Abin da matan Keita suka yi

Don kada ku ce zancen takarda ne, bari in kai ku ƙasar Adar a Jumhuriyar Nijar, wajen 'yan'uwanmu Hausawa. A kwarin Keita, cikin jihar Tawa, fari da zaizayar ƙasa sun mai da gonaki faƙo, ƙoramu kuma suna ta cin gaɓa. A 1984 aka fara wani babban aiki na gyaran ƙasa da taimakon gwamnatin Italiya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya. Maza da yawa sun tafi ci-rani, saboda haka mata ne suka fi yawa a wurin aikin. Su suka ɗauki duwatsu a ka, suka jera su layi layi a gicciyen gangare, suka haƙa ramuka masu tare ruwa a jikin tuddai, aka datse ƙoramu, aka dasa miliyoyin itatuwa. Faƙon da aka fid da rai da shi ya koma ba da gero.

A ƙasar Maraɗi kuma, tun daga wajen 1983, manoma suka kama wata dabara da su ke kira sassaben zamani. In an zo sharar gona ba a tumɓuke kututturen da ya yi toho. A kan zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sassabe sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban-ruwa ba. An ƙiyasta itatuwan da suka tashi ta wannan hanya a Maraɗi da Damagaram sun kai miliyan 200. Waɗanda suka fi jin daɗi kuwa mata ne, don itacen girki ya dawo bakin gona. Ruwan da su ke samu a can bai kai namu ba. In su sun iya, mu me zai hana mu?

Mai gona da mai gayauna

Dabarar duka guda ce: a hana ruwa gudu tun daga inda ya sauka. Ruwan da ke tafiya sannu ba ya ɗaukar ƙasa, nutsewa ya ke yi.

Kunya ta gicciye gangare, kada ta bi shi. Kunyar da ta miƙe daga tudu zuwa kwari magudana ce aka gina wa ruwa. A gonar tudu a kan kuma datse kwarin kunya da 'yar ƙasa bayan kowane taku uku ko huɗu, ruwa ya tsaya ya nutse. Masu binciken aikin gona na Samaru, wadda aka kafa tun 1922, sun gwada wannan da kuma rufe ƙasa da ciyawa tun shekarun 1960, suka ga ruwa ya fi shiga ƙasa. Sai dai in marka ta yi yawa har ruwa ya kwanta, a buɗe datsin don kada shuka ta ruɓe.

A dawo da gamba. Iyayenmu da ita su ke yin iyakar gona, mu muka ga ta ci wuri muka tumɓuke. Layin gamba ko jema a gicciyen gangare kamar rariya ya ke, ruwa ya wuce sannu, ƙasa ta tsaya. Ga shi kuma in kaka ta yi a yanka a yi zana a sayar. Yanzu ne lokacin dasa ta, tun ƙasa na da danshi.

A bar wa ƙorama gaɓarta. Taku goma daga baki kada a sa garma, a bar ciyawa, a dasa itace.

Kwazazzabo kuwa tun yana ɗan tsagi a ke kama shi, icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A fara daga kansa can sama, ba daga gindi ba. A jera duwatsu a gicciye, ko a kafa turaku a saƙa musu rassa. Kada tsayin ya wuce gwiwa, tsakiyar ta fi gefe ƙasa don ruwa ya bi ta nan, a shimfiɗa duwatsu a inda zai faɗo. Ƙanana goma a jere sun fi babba ɗaya, gama babban in ya ɓalle ɓarnarsa ta fi ta da. Kowace damina laka za ta taru a bayansu, sai a dasa gamba a kai.

Na san gona ta maigida ce, ba kuma kowane namiji ke son a koya masa noma daga ɗaki ba. Kada ki tare shi da wannan magana ya dawo a gajiye. Bari ya ci tuwo ya sha ruwa, ki sa yaro ya kawo farantan nan biyu a gwada a gabansa kamar wasa. In kina da gayauna fara da taki. Abin da ido ya gani ya fi abin da kunne ya ji.

Wadda ba ta fita

Ke da ke cikin gida ma kina da rabo babba. Ki raba shararki biyu. Toka da ɓawo da kashin awaki su tafi rami su zama taki, gama ƙasar da ta sha taki ta fi riƙe ruwa. Leda kuwa kada ki bari a watsa a kwata ko a kwari. Masu cewa suna cike kwazazzabo da shara ruɗin kansu su ke yi, ruwan fari zai kwashe ta ya toshe kwalbati, ya juyo cikin gidaje. Ledar ruwan sha ki huda gindinta, ki cika da ƙasa da taki, ki shuka ɗorawa ko mangwaro ko darbejiya ko zogale, ki raina da ruwan alwala, baɗi da farkon damina yara su kai gona. Ki kafa duro ko randa a ƙarƙashin indararo, ki rufe saboda sauro da ƙananan yara. Ki kewaye murhunki da yumɓu ya rage cin itace. In kuma za ki aiki yara itace, ki ce reshe za su saro, ba gindi ba.

Ku 'yan adashi da 'yan makarantar dare, ku kai maganar gaban mai unguwa a kira gayya kafin marka, a yashe magudana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin gayya. Kwazazzabon da ya fi tsayin mutum, da gadar da yara za su bi zuwa makaranta, aikin hukuma ne. A ƙarshen 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin nan mai suna ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja, har da tamu Kaduna. Ku 'yan makaranta ga amfanin karatunku. Ku auna tsawon kwazazzabon garinku da faɗinsa da taku, ku ƙidaya gonaki da gidajen da ke bakinsa, ku rubuta takarda mai tsabta, dagaci ya sa hannu, a kai wa malamin gona da ofishin ƙaramar hukuma. A ajiye kwafi, in an ji shiru a sake kaiwa.

A haddace waɗannan

Gyaran ƙasa sai a hankali, amma marka ba za ta jira mu ba. Saboda haka kowace uwa ta karanta wa 'ya'yanta waɗannan yau da dare.

Na ɗaya, rashin ruwa a garinku ba shi ne rashin ruwa a tudu ba. In kun hangi hadari ko walƙiya ta inda ƙorama ta fito, ko an kwana ana tsawa a can, kada ku shiga.

Na biyu, in ruwan ya soma ja, ko ya taho da kara da kumfa, ko kun ji ƙugi, ku hau gaɓa nan take. Ku bar wanki, ku bar tulu, a sayi wani.

Na uku, ruwa mai gudu da bai kai rabin ƙwauri ba yana iya kayar da babban mutum, balle yaro, balle mai goyo. Irin wannan ƙorama ba ta daɗewa, sa'a biyu ko uku ta janye. Ku zauna ku jira. Ni dai ba zan taɓa dukan yaron da ya makara don ya jira ruwa ba, ina kuma roƙon 'yan'uwana malamai su faɗa wa yaransu haka a fili. Ɗalibata tsoron makara ne ya sa ta shiga gaba.

Na huɗu, in ambaliya ta shiga rijiya, a tafasa ruwan sha, don amai da gudawa a bayan ambaliya su ke tafe.

Ɗalibata ta koma aji, mun haɗa mata littattafai, ta kuwa rubuta jarrabawarta. Ni kuma in an yi hutu zan tafi gida da ƙannena mu dasa gamba a bakin abin da ya rage na gayaunar kakata. Ta ce ba ta tsammanin za ta ga amfaninta, na ce ko ba kome ma hana ƙoramar lomar bana.

Wadda ta gwada farantan nan, ko ta san wata dabara da iyayenta ke tare ruwa da ita, ta rubuto mini in buga don kowa ya amfana. Sai mako mai zuwa, ku tanadi allura da zare.

Taku,
Malamar Filin Mata